Rashi, Bege da Ilhami: Waƙa a Matsayin Muryar Zuciya a Wajen Shehu Usmanu, Nana Asma'u da Aliyu Namangi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ilhami ke zo wa marubutan waƙoƙin addini a ƙasar Hausa, da yadda suke mayar da abin da ke cin ransu ya zama baitoci. An zaɓi mawallafa uku: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 'yarsa Nana Asma'u, da Malam Aliyu Namangi na Zariya. An bi hanyar nazarin jigo tare da duba tarihin rayuwar kowannensu. Maƙalar ta gano cewa a wajen ukun duka waƙa ta tsiro ne daga wani rashi, ilimin ma'auni da amsa-amo ya ba ta jiki, sannan jama'a suka karɓe ta suka mayar da ita tasu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Zariya ko ta Kano zai iya tuna muryar makaho yana rera Imfiraji, ɗan jagora na riƙe da sanda, fasinjoji na miƙo sadaka ta taga. Da yawa cikin masu sauraren ba su san sunan mai waƙar ba, amma sun haddace wasu baitocinta. Abin da ke fita daga bakin mai rerawa ya fara ne a zuciyar mutum guda, wanda shi ma bai ga hasken rana ba tun yana ƙaramin yaro.

Nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya fi karkata ga abin da waƙa ke koyarwa. Tun daga littafin Mervyn Hiskett na 1975 kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa, har zuwa hanyar feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, an saba rarraba waƙoƙi gida-gida: wa'azi, madahu, marsiyya, furu'a, tarihi. Wannan rabo ya yi amfani ƙwarai. Sai dai yakan sa ɗalibi ya ɗauki mawallafi a matsayin malami mai isar da saƙo kawai, ya manta cewa shi ma bawa ne mai tsoro da fata, wanda wani abu ya dame shi kafin ya ɗauki alƙalami. Wannan ɓangaren ne maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Ilhami a Fahimtar Malamai

Larabawan Jahiliyya sun ɗauka cewa kowane mawaƙi yana da aljaninsa mai sa masa kalmomi a baki. Musulunci ya sauya wannan fahimta. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe masu imani da yawan ambaton Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Hassanu ɗan Sabitu addu'ar samun taimakon Ruhul Ƙudusi, ya kuma yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa bayan ya saurari ƙasidarsa.

Malamai sun bambanta wahayi, wanda ya keɓanta ga annabawa, da ilhami, wato abin da Allah ke jefawa a zuciyar bawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya da tafki a cikin Ihya'u Ulumiddini. Ana iya cika tafki da ruwan da aka janyo daga waje, ana kuma iya haƙa shi har ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙasa. Na farko shi ne ilimin karatu, na biyu shi ne ilhami. Mai haƙar rijiya ya san ruwa kyautar Allah ne, amma ya san sai ya yi gumi kafin ya iske shi.

Malaman ƙasar Hausa sun gaji wannan fahimta tare da littattafan da ke ɗauke da ita. Sun haddace Burda ta Busiri, wadda ruwaya ta nuna ya tsara ta yana fama da shanyewar jiki, ya ga Annabi a mafarki, ya farka da lafiya. Sun rera Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, a zaurukan karatu da daren Maulidi. Almajirin da ya tashi cikin wannan yanayi ya san tun da wuri cewa ciwo na iya zama ƙofar waƙa.

3.0 Shehu Usmanu: Nisan Madina

An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754. Yana da kimanin shekara 20, a Hijira ta 1188, ya tsara ƙasidarsa ta Larabci da aka sani da Daliyya, saboda kowane baiti nata yana ƙarewa da harafin dal. Jigonta bege ne. Saurayi ne a ƙasar Gobir yake kukan nisan da ke tsakaninsa da Madina, yana fatan ya tsaya a gaban kabarin Annabi.

Wannan buri bai cika ba. Wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, hijira zuwa Gudu a 1804, da yaƙoƙin da suka biyo baya sun cinye shekarunsa, har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai taka Hijaz ba. Idan aka karanta Daliyya da wannan sani, sai ta zama tafiyar da ƙafa ta kasa yi, harshe ya yi ta. Begen bai tsaya a Larabci ba. Shehu ya sake zuba shi cikin Fulatanci a waƙar Ma'ama'are, ɗansa Isa ya mayar da ita Hausa, ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin nahawu ba.

Abin lura shi ne mutumin da ya rubuta littattafan fiƙihu da tauhidi masu tarin yawa, cike da hujja da nassi, waƙa ya zaɓa lokacin da ya zo faɗin abin da ke ransa.

4.0 Nana Asma'u: Hawayen da Aka Auna

An haifi Nana Asma'u a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta cikin kundi guda a 1997. Wanda ya bi kundin zai ga yawan marsiyyar da ke cikinsa. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ta yi wa aminiyarta A'isha.

A nan ne muryarta ta fi fitowa fili. Takan ambaci kaɗaici da zubar hawaye da nauyin zuciya ba tare da ɓoyewa ba. Amma shari'a ta halatta hawaye, ta hana kururuwa da yage tufa, kuma marsiyyar Asma'u tana tafiya ne cikin wannan iyaka. Takan fara da neman taimakon Allah, ta bayyana raɗaɗin rashi, ta lissafa kyawawan halayen mamaci, sannan ta sauka a kan miƙa wuya da addu'a. Abin da take yabawa shi ne haƙuri da kyauta da kula da marayu da riƙon zumunci. Ko a marsiyyar Bello, wanda ya jagoranci yaƙoƙi da dama, iliminsa da tausayinsa ga jama'a ne suka fi ɗaukar hankalinta.

Ma'auni da amsa-amo sun yi mata aikin da gaɓar kogi ke yi wa ruwa. Mai baƙin ciki da ya tilasta wa kansa neman kalmar da za ta dace da ƙarshen baiti, dole ya tsaya, ya auna, ya zaɓa, kuma cikin wannan tsayawa zuciya ke samun sauƙi.

Ta hanyar ƙungiyar matanta ta 'Yan Taru, waƙoƙinta sun bar Sakkwato da Wurno. Masu muƙamin jaji, wato matan da take naɗa wa malafa, sun haddace su suka kai wa matan ƙauyuka.

5.0 Aliyu Namangi: Waƙar da Aka Tsara a Ka

Malam Aliyu Namangi ya rayu daga 1894 zuwa 1990. Da kunne ya yi karatu, a ka ya tsara waƙa, wasu suka rubuta masa. Sunan waƙarsa, Imfiraji, ya fito daga kalmar Larabci mai nufin yayewar ƙunci, asali guda da sunan Munfarija, ƙasidar da malamai suka daɗe suna karantawa lokacin tsanani. An buga waƙar a Zariya cikin kashi tara, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama mai ita da digirin girmamawa.

Imfiraji ta haɗa begen Annabi da wa'azi da tuna mutuwa da raina ƙawar duniya. Manazarta karin waƙa, irin su Russell Schuh, sun danganta karinta da kiɗan caji, wanda ake yi a dandali don nishaɗi. Wannan ya nuna wata fuskar ilhami da ba kasafai ake kula da ita ba. Abin da ya ɗarsu a zuciyar Namangi ya iske kunnen da ya riga ya cika da amon garinsa. Ya ɗauki karin da jama'a ke so, ya ɗora masa ambaton Allah, shi ya sa mai talla da direba suka iya rera ta ba tare da an koya musu arula ba.

6.0 Kammalawa

Abubuwa uku suka maimaitu a wajen mawallafan nan. Na farko, kowannensu ya faro daga rashi: Shehu ya rasa ziyara, Asma'u ta rasa makusanta, Namangi ya rasa gani. Na biyu, babu wanda ilhami ya iske hannu rabbana, domin haddar Alƙur'ani da ƙasidu ta riga ta gyara harshe. Na uku, tsarin da aka gada ya bar wa mawallafi gurbinsa. A mabuɗi yakan roƙi Allah fasaha, a marufi yakan faɗi sunansa ko ramzin shekara, ya amsa laifinsa, ya nemi addu'ar mai saurare.

Don haka maƙalar ke ba da shawarar cewa masu koyar da waƙa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su riƙa nazarin mabuɗi da marufi a matsayin wurin da mawallafi ke bayyana halin zuciyarsa. Akwai kuma buƙatar a yi hira da masu rera Imfiraji a tashoshi da masu karatun Ishiriniya a zauruka, a naɗi muryoyinsu, a ji daga bakinsu baitocin da suka fi zaɓa da dalilin zaɓensu.