Jinga a Ƙasar Fadama: Inda Lissafin Ginin Gida ke Karyewa a Haɗeja

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake ƙulla yarjejeniyar ginin gidan zama a Haɗeja da garuruwan bakin kogi. Matsayinta shi ne, harsashi da ciko ne ke fara rusa kasafin mai gida tun kafin tsadar siminti ta iso, domin ana yanke musu kuɗi ba a san abin da ƙasa za ta ci ba.

Waiwaye

Ra'ayin da ya fi karɓuwa a tsakanin masana ƙididdigar gini shi ne, hauhawar farashi ce ke hana gidaje ƙarewa. Suna da hujja. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, har a Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da farashin buhun siminti tsakanin naira 7,000 da 8,000. Maganin masanan shi ne a sa sharaɗin sauyin farashi a takarda, irin na tsarin kwangilar gini na JCT da aka gada daga Birtaniya. Sai dai wannan magani na ɗan kwangilar da ke sayen kaya da kansa ne. A Haɗeja yawanci mai gida ne ke sayen siminti da rodi da bulo, ya ba magini aikin hannu jinga. Idan siminti ya tashi, ginin ya tsaya ne kurum har kuɗi su samu. Babu wanda za a yi wa ƙorafi.

Hanyar bincike

An kwatanta jinga da aikin yini da kwangilar da ake miƙa makulli, ta hanyar duba gine-gine a unguwannin kwari da tattaunawa da birkiloli.

Sakamako

Saɓani a ƙarƙashin ƙasa yake farawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 ta koya wa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma ɗaga gida sama da titi. Ɗagawar kuwa kuɗi ce: ƙarin layukan bulo, ƙarin tifofin ciko, ƙarin ranakun leburori. Lakar fadama tana kumbura da damina ta tsage da rani, ruwan ƙasa yana kusa, fili biyu masu maƙwabtaka ma kan bambanta a zurfin da ake samun ƙasa mai tauri.

Duk da haka akan yi jingar gidan dunƙule ɗaya, a ba da kafin alƙalami, sannan a fara haƙa. Ramin ya zarce yadda aka zata, magini ya ce, "Alhaji, wannan ba ya cikin magana." Mai gida ya ce an riga an gama magana. Daga nan ɗayan biyu ne: ko magini ya ajiye aiki, ko ya rage zurfi da siminti a wurin da ido ba ya kaiwa. Na biyun ya fi muni, domin sai bango ya tsage ake gane shi. Abin mamaki, fiƙihun Malikiyya da mutanen Haɗeja ke karantawa ya sharɗanta sanin aiki da sanin lada a ijara, ya hana garari, amma ba a cika kawo wannan babi bakin harsashi ba.

Saboda haka a raba yarjejeniyar biyu. Daga haƙa zuwa daɓen ƙasa a biya da awo: kuɗin kowace tifa, kowane layin bulo, kowace ƙafa ta zurfi, a rubuta gaban shaidu kafin a sa diga. Daga nan zuwa linta da kwano a yi jinga, tunda ana iya ƙirga bulon daga zane, a kuma biya mataki-mataki.

Iyakar bincike

Za a iya cewa biya da awo yana ba magini damar ƙara tifofin da ba a zuba ba. Haka ne, kuma dole mai gida ko wakilinsa ya tsaya ana ƙirgawa. Binciken bai shafi gidajen gwamnati ba, bai kuma shafi unguwannin tudu masu jigawa ba, inda jinga dunƙule ba ta da wannan illa.