Addu'ar hukuma a Kuala Lumpur lokacin musiba

A Malesiya, kiran jama'a su fito addu'a idan ƙasa ta shiga uku aikin hukuma ne, kuma tushensa yana cikin tsarin mulkin 1957. Sashe na 3 ya ce Musulunci ne addinin tarayya. Jihohi tara masu sarauta, kowace sarkinta ne shugaban addini a cikinta. Kuala Lumpur kuwa tana hannun sarkin ƙasa, Yang di-Pertuan Agong, wanda sarakunan ke zaɓa daga cikinsu duk shekara biyar. Saboda haka sanarwar addu'a takan fito daga fada ko ofishin firaminista, hukumar addini ta JAKIM ta yaɗa ta, limamai su aiwatar.

Sallar da aka fi kira ita ce wadda Malayawa ke ce wa solat hajat, wato sallar neman biyan buƙata. Yawanci raka'a biyu ce, kuma galibi bayan magariba ake yin ta cikin jam'i, a bi ta da karatun Yasin da doguwar addu'a. Ta biyun ita ce roƙon ruwa, wanda Bahaushe ya sani sarai, har da juya mayafi. Babban wurin taruwa shi ne Masjid Negara, masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, mai ɗaukar mutum dubu 15.

Wata babbar jarrabawa bayan samun mulkin kai ita ce rikicin ƙabilanci da ya ɓarke tsakanin Malayawa da 'yan asalin Sin ran 13 ga Mayu 1969. An dakatar da majalisa, aka kafa dokar ta-ɓaci. A ƙarshen Agusta 1970 sarki ya shelanta Rukun Negara, aƙidun ƙasa guda biyar, aka sa imani da Allah a farko. An zaɓi lafazin da bai ware Kirista ko Bahinde ko mabiyin Buda ba, kuma da gangan aka yi haka.

Roƙon ruwa a wannan birni ba don noma kawai ake yin sa ba. Hayaƙin ƙona daji daga tsibirin Sumatra kan rufe samaniya har a daina hango hasumiyoyin Petronas. A watan Agusta 2005 abin ya tsananta, ma'aunin gurɓatar iska ya wuce 500 a Port Klang da Kuala Selangor, aka rufe makarantu. Firaminista Abdullah Ahmad Badawi ya nemi mabiya kowane addini su roƙi Allah ya kawo ruwa ya wanke iska.

Shekarar 2014 ta fi kowace ɗaci. Ran 8 ga Maris jirgin MH370 ya tashi zuwa Beijin da mutum 239, ya ɓace. Aka yi ta solat hajat a masallatai, Firaminista Najib Razak ma ya shiga sahu, coci-coci da wuraren ibadar Sinawa da Indiyawa suka yi nasu. Ana cikin haka wani boka ya bayyana a filin jirgin da kwakwa biyu a hannu da madubin hangen nesa na gora, wai yana neman jirgin. Hoton ya zaga duniya, malamai suka yi tir, hukumar addini ta ja kunne. Nan aka ga cewa gwamnati ba kiran addu'a kaɗai take yi ba, har da tsare iyakarta. A watan Yuli aka harbo jirgin MH17 a gabashin Yukren, mutum 298 suka mutu, 43 daga cikinsu 'yan Malesiya. Ran 22 ga Agusta aka yi zaman makoki na ƙasa, Sarki Abdul Halim ya je da kansa tarbar gawawwakin farko.

Korona ta juya al'adar. Taron 'yan Tabligh a masallacin Sri Petaling, ƙarshen Fabrairu 2020, ya zama babbar hanyar yaɗuwar cutar. Daga 18 ga Maris aka hana fita, aka dakatar da Juma'a da jam'i. Sai aka umarci mutane su yi solat hajat a gida, maigida ya ja iyalinsa, Firaminista Muhyiddin Yassin kuma ya ɗaga hannu a talabijin ya karanta addu'a cikin jawabinsa ga 'yan ƙasa.