Daga ina kakanninmu suka fito?

Idan aka tambayi mutum sunan ubansa, zai faɗa nan da nan. Sunan kakansa ma zai faɗa. Amma uban kakansa fa? Nan ne yawancinmu muke yin shiru. Yau za mu duba tarihin ƙasar Tasawa da Mayahi, mu ga yadda kowane gida zai iya rubuta asalinsa.

Mu fara da gidan sarauta, domin su ne suka fi kowa riƙe sunayen kakanninsu.

A shekarar 1804 aka fara jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu. Sarki da jama'arsa suka fita, suka nufi arewa. A Ɗankama aka sake cin su da yaƙi, kuma can Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya ya mutu. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya tafi Damagaram ya zauna wani lokaci. Daga baya ya komo yamma, ya kama Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina.

Bayan Ɗan Kasawa sai Rauda. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Rauda ya mutu a can, shi da Ali Sarkin Gobir. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Ɗan Mari ya gaji Rauda. Cikin sarakunan da suka biyo baya, wanda ya fi suna shi ne Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara 20 bisa gado.

A ƙarshen ƙarnin nan rikici ya shiga gidan. Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi, har yana naɗa sarki yana tuɓewa. Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi wajen 1897, ya zauna Tasawa. Kun ga ke nan sarautar Tasawa da ta Maraɗi tushensu ɗaya ne, kamar rassa biyu na icce guda.

Ta yaya sunayen nan suka iso gare mu? Da farko maroƙa da makaɗan fada ne suka riƙe su da ka. Suna jera su ɗaya bayan ɗaya ranar salla da ranar naɗi. Malamai kuma suka rubuta wasu da ajami. Sa'an nan tsakanin 1906 da 1909, lokacin da Faransa da Ingila suke shata iyaka, ayarin Kaftin Tilho ya ratsa ƙasar nan. Tafintansa Landeroin ya zauna da dattawa, ya rubuta abin da suka faɗa masa. Yau a Yamai akwai ma'aikatun da ke ajiye tsofaffin takardu da muryoyin dattawa.

To, talaka fa? Shi ba shi da maroƙi. Amma yana da tarihi, kuma alamunsa suna nan kusa da shi.

Alama ta farko ita ce sunan gari. A zamanin yaƙi mutane suna cunkushe cikin garuruwa masu ganuwa, kusa da gulbi. Da yaƙe-yaƙe suka kwanta a farkon ƙarni na 20, sai manoma suka bazu cikin daji, musamman wajen arewa. Mutum ya haƙa rijiya, ya sare daji, ya kafa bukka. Ƴan uwa su biyo shi. Shi ya sa a ƙasar Mayahi da Tasawa, da gefen Gulbin Kaba, muke da garuruwa da yawa masu suna Gidan Wane ko Garin Wane. Wanen nan mutum ne, kuma jikokin jikokinsa suna raye. Ku tambaya daga wane gari ya taso.

Alama ta biyu ita ce aska. Zanen fuskar Bagobiri dabam yake da na Bakatsine, na Babarbare ma dabam. Yanzu an rage yi wa yara, saboda haka ku dubi fuskar tsofaffi tun suna nan.

Alama ta uku ita ce sana'ar gado. Gidan maƙera, gidan mahauta, gidan wanzamai, gidan sarkin noma, kowane yana da kirarinsa. Cikin kirari sau da yawa akwai sunan kakan farko da garin da ya baro.

Wani zai ce, me wannan zai ƙara mini? Ku tuna da shari'ar gona. Idan gardama ta tashi, abin da sarki ko alƙali zai fara tambaya shi ne: wa ya sare dajin nan? Gado ne, ko aro, ko jingina? Tun 1993 Nijar tana da dokar filayen karkara, kuma an kafa kwamitocin da ke ba da takardar shaidar gona. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ƙanƙance. Gidan da ya san jerin kakanninsa, da gonar da kowane ya noma, ba a yi masa ƙwace da sauƙi. Haka kuma rabon gado yana tafiya daidai idan an san ƴaƴan kowane ɗaki, maza da mata.

A wasu ƙasashe ma abin yana da amfani. Luksambur ƙaramar ƙasa ce a Turai, kusa da Faransa. A ƙarni na 19 talauci ya sa mutanenta da yawa suka yi ƙaura zuwa Amurka. A 2008 gwamnatinsu ta yi doka ta ɗan lokaci, wadda wa'adinta ya riga ya wuce: duk wanda ya nuna cewa wani kakansa ɗan ƙasar ne ranar 1 ga Janairu 1900, zai iya karɓar takardar zama ɗan ƙasa. Dubban mutane daga Amurka da Barazil suka samu, domin an rubuta haihuwa da aure da mutuwar kakanninsu.

Mu ma yanzu mun iya rubutu. Ga yadda za mu yi.

Ku nemi littafin rubutu sabo, wato kaye, ku keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangi. Kada ku manta da tsofaffi mata. Kaka da gwaggo sun fi maza riƙe labarin aure da haihuwa. Ku tambayi sunan yanka da laƙabi duka biyu, domin saboda kunya mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari.

Tsofaffi ba su ƙirga shekaru da lamba, amma suna tuna manyan abubuwa. Ga wasu da za su taimake ku. A 1899 sojojin Voulet da Chanoine suka ratsa ƙasar nan suna ƙona garuruwa, kuma kaburburan mutanen nan biyu suna Maijirgi. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar Kakalaba. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi. A 1946 aka hana aikin tilas. A 1960 aka samu mulkin kai. A 1973 da 1984 aka yi babban fari. Idan tsoho ya ce an haifi ubansa shekara biyu bayan Kakalaba, kun san wajen 1916 ke nan.

Daga nan sai ku zana icce. Kakan farko a gindi, ƴaƴansa su ne manyan rassa, jikoki ƙananan rassa, har zuwa tattaɓa kunne. Ku karanta wa dangi a gaban kowa, a gyara inda aka yi kuskure. Duk jaririn da aka haifa, a sa sunansa, a kuma karɓo masa takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari.

Abu ɗaya za mu kiyaye. Ba don gori ake neman asali ba. A zamanin yaƙi an kama mutane da yawa, wasu kuma yunwa ta kawo su. Duk yadda kakan mutum ya zo, jikansa ɗan gari ne kamar kowa. Muna neman asali don mu san ƴan uwanmu na Katsina da Damagaram da Gobir, mu ziyarce su. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Rani ne lokacin wannan aiki, bayan an kai amfanin gona rumbu. Dattawa suna zaune a inuwa, kuma suna son a tambaye su. Ku fara bana.