Kwaɗo Biyu a Ƙofar Bidiyo: Yadda Rumbun Commons Ya Ƙi MP4

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo da waya ya je ɗora shi a Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗibar hotuna da sauti a cikinsa, ya san inda gizo ke saƙa: rumbun ba ya karɓar MP4, alhali kusan kowace waya da shi take ɗauka. Da yawa suna ganin taurin kai ne kawai. Amma idan aka bi asalin maganar, za a tarar bidiyo kwaɗo biyu ne a ƙofarsa. Na farko haƙƙin wanda ya ɗauki hoton, na biyu haƙƙin kamfanonin da suka ƙirƙiro dabarar matse shi ya shiga fayil. Wanda ya buɗe ɗaya ya bar ɗaya bai saki komai ba.

Kwaɗon farko bai yi wuyar buɗewa ba. Ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko a Disamba 2002, aka kuma buɗe Commons a Satumba 2004 bisa sharaɗin kowa na iya ɗaukar abin da ke ciki, ya sauya shi, har ya yi kasuwanci da shi. Shi ya sa ake karɓar CC BY da CC BY-SA, ake ƙin lasisin da ya hana ciniki ko ya hana gyara. Wannan duk a hannun mai bidiyo yake, amincewarsa ta wadatar.

Na biyun ne ba a hannunsa yake ba. Dabarar H.264, wadda aka kammala a 2003 kuma ita ce cikin yawancin fayilolin MP4, kamfanoni da dama ne ke riƙe da haƙƙin ƙirƙirarta, kamfanin MPEG LA kuma a lokacin shi ke karɓar musu kuɗin lasisi. Don haka Commons ya kama wata dabarar mai suna Theora, wadda gidauniyar Xiph.Org ta gina a kan VP3 da kamfanin On2 ya sakar mata a 2002. Theora ba ta kai H.264 iya matsewa ba, kuma manyan kamfanoni ba su so ta ba; a ƙarshen 2007 aka cire sunanta daga daftarin HTML5, ƙa'idar shafukan intanet, bayan Nokia da Apple sun nuna rashin yarda. Haka rumbun ya yi shekaru da tsarin da mai kallo sai ya sha wuya kafin ya buɗe. Sauƙi ya zo a 2010, da Google ya sayi On2, ya saki dabarar VP8 cikin mazubin WebM ba tare da kuɗin lasisi ba. Commons ya fara karɓar WebM a 2012.

A farkon 2014 ma'aikatan Gidauniyar Wikimedia da kansu suka nemi ra'ayin masu sa kai a kan a ƙyale MP4, mafi rinjaye suka ce a'a. Hujjar masu so ba ƙarama ba ce, kuma har yau da sauranta. A lokacin na'urorin Apple ba sa kunna WebM kai tsaye. Wanda ya ɗauki hawan sallah ko dambe da wayarsa, ba shi da kwamfuta, data kuma da tsada, an ɗora masa aikin juya fayil kafin a karɓi kyautarsa, kuma ba shakka akwai bidiyon da aka rasa ta wannan hanya. Suna ƙarawa da cewa tun 2010 MPEG LA ya yafe kuɗi a kan bidiyon da ake kallo kyauta a intanet. To amma yafiyar ta tsaya ne a kan nuna wa mai kallo. Ba ta rufe mai rubuta manhajar matsewa da kunnawa ba, ba ta rufe wanda zai sayar da abin ba, shi kuwa lasisin Commons ya riga ya yi wa mai sayarwa alkawarin babu mai tare shi. Da an karɓi MP4, da rumbun ya yi alkawari da abin da ba nasa ba. Wahalar juya fayil kuwa manhaja na iya ɗauke ta, kamar yadda video2commons ke yi: a ba shi MP4, ya mayar WebM, ya ɗora. Haƙƙin ƙirƙira babu manhajar da ke ɗauke shi, sai dai mai shi ya sake ko wa'adinsa ya cika.

Abin da ya faru da MP3 ya nuna ba ƙiyayyar suna ba ce. Shekaru rumbun yana ƙin sa saboda dalili ɗaya da na MP4. Da haƙƙoƙinsa suka ƙare a 2017, sai aka buɗe masa ƙofa. A ɗaya gefen kuma, kamfanonin da ke biyan lasisi sun gaji da biya: a 2015 Google da Microsoft da Netflix da Amazon da wasu suka kafa Alliance for Open Media, suka fitar da dabarar AV1 a 2018 ba kuɗin lasisi, Apple ma ya shiga ƙawancen a shekarar.