Ciwon bayan 'yan dako: yadda ɗaukar kaya masu nauyi ke lahanta ƙugu

Daga kasuwar Katako a Yamai zuwa tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome da Duwala, dubban mutane da ƙarfin bayansu suke ci. 'Yan dako, leburorin gini da masu lodin motoci na cikin waɗanda ciwon ƙugu ya fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya.

Yadda raunin ke faruwa

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne. Biyar daga cikinsu suna ƙugu, su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai aiki kamar gammo. Idan mutum ya sunkuya ƙafafu a miƙe ya cicciɓi buhu, nauyin kan taru a ƙugu, kuma yana ƙaruwa gwargwadon nisan kayan da jiki. Murɗa jiki da kaya a hannu ya fi haɗari. Tsoka na iya yagewa, ko faifan ya bullo ya danne jijiya, sai zafi ya sauka har ƙafa. Sau da yawa ɓarnar a hankali take taruwa shekara da shekaru.

Nauyin da aka ƙayyade

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Dokar ƙwadago ta Faransa ta tsaida kilo 25 ga mata. Cibiyar NIOSH ta Amurka kuwa kilo 23 ta ɗauka a matsayin iyaka, ko da a yanayi mafi sauƙi. Buhun siminti kilo 50 ne, babban buhun masara ko gero kan kai kilo 100.

Matakan kariya

A matso da kaya kusa da jiki, a ware ƙafafu, a lanƙwasa gwiwa, a tashi da ƙarfin cinyoyi ba tare da fizga ba. In za a juya, a juya da ƙafafu. Buhu mai kilo 50 zuwa sama aikin mutum biyu ne, ko na baro da kura. Alhakin samar da waɗannan kayan aiki da lokacin hutu yana kan mai ba da aiki. Ma'aikacin da ke da rajista da CNSS a Nijar, ko CNPS a Kamaru da Chadi, ya gaggauta sanar da raunin da ya ji a bakin aiki.

Lokacin zuwa asibiti

Yawancin ciwon ƙugu kan lafa cikin 'yan makonni, kuma motsi kaɗan-kaɗan ya fi kwanciya amfani. Amma a garzaya asibiti idan ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko an kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama. Shan tramadol don a ci gaba da lodi ɓoye zafin kawai yake yi, raunin na nan yana ƙaruwa, ga kuma haɗarin kamuwa da jarabar ƙwayar.