Takardar Izinin Lacca: Yadda Aka Riƙa Toshe Bakin 'Yan Adawa a Yerwa

Jama'a, yau tarihinmu na cikin gida ne. A shekarun 1950, kafin ɗan siyasa ya kafa lasifika ya yi lacca a Yerwa, sai ya nemi takardar izini daga En'e. A rubuce, dokar ta kowa ce, kuma manufarta kiyaye zaman lafiya. Amma 'yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma haka, sannan manyan ma'aikatan En'en akasarinsu 'yan NPC ne. Wato mai busa usur yana sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke fili.

Ba lallai a ce maka an hana ka taro ba. Ana iya jan ƙafa har ranar ta wuce, ko a ba ka wuri can bayan gari. In ka samu ka yi laccar, kalma ɗaya ta isa a ce ka yi zagi, gobe kana gaban alƙali. Abokin hamayyarka ya faɗi wadda ta fi ta zafi, a ce ai raha ce.

Wanda ya fi ɗanɗana wannan shi ne Ibrahim Imam. Shi ɗan gida ne a NPC, har babban sakatarenta ya riƙe, kafin ya ajiye muƙamin a 1954. Ya zama jagoran ƙungiyar samarin Borno, BYM, wadda ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma a 1956 ya ci kujerar Majalisar Jihar Arewa. Daga nan matsin ya ƙaru, aka yi ta arangama tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu a cikin gari. Ƙarshenta siyasa ta gagare shi a mahaifarsa. A 1961 sai a ƙasar Tibi ya tsaya takara, da taimakon Joseph Tarka, ya koma Kaduna a matsayin jagoran 'yan adawa. Ku duba fa, Babarbare ne Tibabe suka zaɓa! An hana shi fili a Yerwa, ya samu wanda ya fi shi faɗi.

Sojoji sun ƙwace 'yan doka da kotuna daga hannun En'e bayan 1966, amma halin bai tafi da su ba. A 1979 GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai kiran siyasa ba da gaba ba, ta ci Borno, Mohammed Goni ya zama gwamna, NPN kuma tana mulki a Legas. Shugaban masu rinjaye a majalisar jiha, Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, mutum ne mai farin jini da kaifin harshe, ba ya raga wa gwamnatin Shagari. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga gidansa a Maiduguri, suka tsallakar da shi Chadi, bisa umarnin Ministan Cikin Gida Bello Maitama Yusuf, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne.

A ganina wannan ya fi na En'e muni. En'e bakinka take rufewa ta bar ka a gidanka. Nan kuwa cewa aka yi kai ba ɗan majalisar hirar ba ne tun asali, tashi ka ba mu tabarma. A gari irin namu, da kusan kowane gida yake da dangi a Chadi ko Nijar ko Kamaru, wa zai tsira in aka bi wannan ma'auni?

Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da zama ɗan ƙasa, ta kuma ce a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, tabarmar kunya dai da hauka akan naɗe ta, nan ma ba ta samu yadda take so ba. Mutumin da da can Borno kaɗai ta san shi, sai ga sunansa a jaridun Legas da littattafan ɗaliban shari'a.

NPN ta karɓi Borno a zaɓen 1983, Asheik Jarma ya hau a watan Oktoba. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da gwamnatin, suka haramta jam'iyyu da tarukan siyasa baki ɗaya, na masu mulki da na 'yan adawa.