Yadda Maganin Feshi Ya Sauya Filin Ƙofar Gida a Amurka

Koriyar ciyawar nan da ake gani shimfiɗe a gaban gidajen Amurka, gajeriya, iri ɗaya tal, babu ko ɗigon fure a cikinta, ba ta kai tsufan da ake zato ba. Tushenta gidajen masu ƙasa ne na Ingila, inda a ƙarni na 18 masu tsara lambu irin su Lancelot Brown suka riƙa shimfiɗa ciyawa daga bakin gida har iya ganin ido. Nuna isa ne zalla: ga ƙasar da mai ita ba ya bukatar nomawa, ga barorin da za su bi ta da dogon lauje. Sai a 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa kusa da garin Stroud, yana kwaikwayon na'urar da masaƙu ke aske gashin yadi da ita, sannan al'adar ta fara saukowa ga masu matsakaicin hali. Amma filin wancan zamani a gauraye yake.

Babbar shaida ita ce wani ɗan tsiro mai ganye uku da farin fure, kuloba. Da gangan masu sayar da iri suke cakuɗa ƙwayarsa da ta ciyawa, domin dangin wake da gyaɗa ne: ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwarsa suna jawo naitirojin daga iska, ƙasa ta samu taki kyauta. Abin da ya rushe masa daraja ya fito ne daga ɗakunan bincike na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda masana a Birtaniya da Amurka, kowa a gefensa, suka gano aikin sinadarin 2,4-D. Yana kwaikwayon sinadarin girma na tsiro, ya sa mai faɗin ganye ya yi ta tofo a karkace har ya mutu, ya ƙyale mai siririn ganye. Shi ne dai wanda manomanmu ke fesa wa shinkafa da masara, kuma sun san abin da yake yi wa wake. A 1945 ya shiga kasuwa da sunan Weedone, a 1947 kuma aka soma gina unguwar Levittown kusa da New York, mai gidaje sama da 17,000, inda aka shar'anta wa mazauna yanke ciyawa kowane mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Ga filaye, ga magani. Da yake maganin ba ya bambance kuloba da sauran masu faɗin ganye, sai aka sa shi cikin jerin abokan gaba. Da kuloba ya tafi, ƙasa ta nemi takin zamani, aka kuwa riƙa sayar da takin da maganin a buhu guda, wanda ba ƙaramar dabarar kasuwa ba ce.

Wani zai ce ai tun kafin 1945 masu gida ke tone dandaliyon, mai rawayan furen nan, da wuƙa. Haka ne, sha'awar fili mai tsabta ta girmi maganin. Sai dai mai wuƙa yana zaɓe, ya cire wannan ya bar wancan, feshi kuwa kan mai uwa da wabi yake yi, kuma daga baya idon jama'a ya saba da abin da feshin ya bari, har ya ɗauke shi ma'aunin kyau. Akwai kuma masu cewa furen kuloba na tara ƙudan zuma, su harbi yaran da ke wasa ba takalmi. Wannan ma ba ƙarya ba ne, amma da ƙudan zuman da yaran duk suna nan a shekarun da ake sayen irinsa da kuɗi. Hujjar da na fi yarda da ita ta filayen wasa ce, inda ƙwallo ke bukatar shimfiɗa iri ɗaya. Ƙofar gida kuwa ba wurin gasa ba ce.

Tun da kayan aiki ne ya kawo wannan ma'auni, doka na iya taɓa shi. A Kanada, ƙaramin garin Hudson na lardin Quebec ya taƙaita feshin ado a 1991, kamfanonin feshi suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Kanada ta ba garin gaskiya a 2001. A 2009 lardin Ontario ya hana fesa 2,4-D a filayen gida, masu gida suka koma ga tona da hannu, da barin ciyawa ta ɗan yi tsawo ta shaƙe abokan hamayyarta. Masu sayar da iri kuma sun dawo da kuloba kasuwa, wani nau'i mai ƙananan ganye wanda ba ya yawan fure.